Batirin Datsun 240Z: a mayar da shi baya ko a bar shi a mazauninsa?

Baban Ilham (Agege): Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema kafin in bari a taɓa motar nan. Datsun 240Z ce ƙirar 1972, mai sitiyari a hagu, wadda na sa muku hotonta kwanakin baya. Da muka ciro batirin za a wanke ɗakin inji, sai muka tarar da farantin da yake zama a kai ya ruɓe, tsatsa ta cinye shi har ana hango ƙasa. Wani yaro a garejin ya ce tunda dai sai an yi aiki, gara a mayar da batirin baya gaba ɗaya, wai haka masu tsere suke yi, mota ta fi zama a kwana, batiri kuma ya huta da zafin inji. Maganar ta ɗan shige ni. Wanda ya san aikin ya faɗa min tsakani da Allah: me ake buƙata, kuma akwai haɗari?

Rewaya Idi-Araba: Wa alaikumus salam Alhaji. Ana yi, ni ma nakan yi wa mutane. Amma ka fara duba motarka da kyau. 240Z ba ta da but irin na 504, wanda bango ya raba shi da mutane. In ka ɗaga murfin baya ka miƙa hannu, kujerar direba za ka taɓa. Ke nan a ɗaki ɗaya za ku zauna kai da batirin.

Ɗan Ladipo: Oga Rewaya kada ka tsorata mana Alhaji tun ba a fara ba. BMW nawa ne a Legas batirinsu yana but? E36, E46, masu silinda 6 duk a baya yake, kuma daga kamfani suka zo a haka. Mazda MX-5 ta farko, wadda ta fito a 1989, batirinta a but yake. Marsandi W210 ma ƙarƙashin kujerar baya ta sa nata. Su Jamusawan ba su san haɗari ba ne? Alhaji ka zo Ladipo, kasuwarmu ta kayan gyaran mota, kebul ɗin BMW na asali muna cire shi daga motocin da aka yanka, da tsawonsa da kawunansa, sai dai ka shimfiɗa.

Alhaji Mai Marsandi: Kai Ɗan Ladipo, kai dai a sayi kaya. Baban Ilham, ni ban goyi baya ba ko kaɗan. Motar nan ba ƙaramar mota ba ce a tarihi. Ita ce ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971, ta sake ci a 1973, a kan hanyoyin da suka fi namu muni. A 2020 an yi gwanjon wata ƙirar 1971 a Amurka, aka saye ta dala 310,000, kuma abin da ya ba ta wannan daraja shi ne ba a sauya mata komai ba. Ban ce taka za ta kai haka ba, amma duk ramin da ka huda a jikinta kuɗi ka rage. Ka gyara farantin, ka mayar da batiri inda masu ita suka ajiye shi.

Ɗan Ladipo: Baba, Alhaji hawa zai yi, ba gidan tarihi zai kai ta ba.

Fanel Bita Mile 12: Ku dakata, duk kun tsallake abin da ya fi damuna. Alhaji ya ce ana hango ƙasa. Wurin nan a 240Z sananne ne, kusan duk wadda ta tsufa a nan take fara ciwo. Ruwan batir yana ɗiga kan farantin, ya bi ya sauka kan bangon da ya raba inji da ƙafar fasinja, daga nan ya gangara kan dogon ƙarfen da ke riƙe gaban motar. Farantin shi ne ƙaramin abu. In ƙarfen ƙasa ya ci, to ƙashin motar ne ya taɓu, domin 240Z ba ta da shasi daban, bodin ne ke ɗauke da kansa. Ko ka kai batirin baya ko ka ɗora shi a rufi, dole a yanke wurin nan a sa sabon ƙarfe. Kada wani ya ce maka ɗauke batiri zai rage maka kuɗin walda. Ba zai rage ko kwabo ba. Ka sa a ɗaga kafet ɗin ɓangaren fasinja, a ƙwanƙwasa ƙasan da sukudireba, ka turo mana hoto.

Baban Ilham (Agege): Na gode Malam. Gaskiya ban duba ƙarƙashin kafet ba tukuna, zan sa a ɗaga. To maganar daidaiton nauyi fa? Ita ce ta fi jan hankalina.

Injiniya Apapa: Bari mu yi lissafin, don kada a tafi a kan ji-ta-ji-ta. Batirin mota irin wannan yana tsakanin kilo 15 zuwa 18. Motar kanta ta ɗan haura tan ɗaya. In ka ɗauke kilo 16 daga gaba ka kai bisa tayoyin baya, abin da ka sauya bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na rabon nauyin ba. Sannan ka tuna a 240Z batirin ba a hanci yake ba kamar na wasu motoci. Yana can ƙarshen ɗakin inji, jikin bango, bayan layin tayoyin gaba, har da ɗan murfinsa a gefen bonet. Wato tun asali ba a mugun wuri yake ba. Ga shi kuma za ka ƙara nauyin kebul, akwati da ƙarafan ɗauri, wajen kilo 3 ko fiye. Mai tsere da ke neman rabin daƙiƙa a fili zai iya jin bambancin. Kai da za ka fito daga Agege ka bi ta Ikeja ka hau gadar Third Mainland ranar Lahadi, cika tanki da rabin tanki ya fi wannan tasiri a bayan motarka.

Ɗan Ladipo: To zafi fa, Injiniya? Gosulon Legas wasa ne? Ka tsaya awa biyu a Oshodi inji yana huci, batirin yana dahuwa.

Injiniya Apapa: Nan kana da gaskiya, rabi. Zafi yana kashe batiri, ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana rage kusan rabin rayuwarsa. Amma injin L24 na motar nan kafireto da bututun hayaƙi duk a hagu suke, batirin Alhaji kuma a dama. Ba ya kusa da wuta. Kuma bayan 240Z gilashi ne babba a kwance, rana tana dukansa kai tsaye. Ka ajiye ta a fili a watan Maris ka sa hannu a wurin ka ji.

Maman Sadiq (Alaba): Sallama gare ku. Ni batiran sola da na mota nake sayarwa, bari in sa baki a ɓangaren da na sani. Batiri mai ruwa idan yana caji yana fitar da iskar haidurojin, musamman in cajin ya haura volt 14.4. Iskar nan ba ta da wari ba ta da launi, kuma da ta kai kashi 4 cikin 100 a rufaffen wuri, tartsatsi kaɗan ya ishe ta. A ɗakin inji iska tana kwashe ta. A cikin mota mai rufaffen gilashi ina za ta? Motocin da Ɗan Ladipo ya lissafa duk batiransu suna da ɗan rami a gefe, da siririn tiyo da ke fitar da iskar waje ta ƙasan mota. Mutane da yawa in sun zo sauya batiri sai su yar da tiyon, ba su san aikinsa ba. Alhaji, in har za ka yi, AGM za ka saya, wanda ruwansa ke tsotse cikin audugar gilashi, ba ya zuba ko an karkata shi. Shi ma a sa masa tiyo, domin rufaffe ne amma yana da bawul, in aka matsa masa da caji zai yi numfashi.

Rewaya Idi-Araba: Hajiya ta taɓo inda nake so. 240Z katawut ɗinta, wato na'urar da ke daidaita caji, a waje yake, ba cikin altaneta ba, irin na da mai maki a ciki. In ya tsufa yakan saki caji ya haura 15. Batiri mai ruwa zai jure, ka ƙara masa ruwa a ci gaba. AGM in ya bushe ya tafi ke nan, ga tsada. Duk wanda zai sa AGM a tsohuwar mota ya fara sa mita a kan batiri, inji yana gudu, ya ga abin da take bayarwa. In ya wuce 14.7 a gyara caji tukuna.

Baban Ilham (Agege): Ikon Allah. Ni da na ɗauka doguwar waya ce kawai za a saya. To Malam Rewaya, a ce na nace sai an yi, yaya aikin yake in za a yi shi daidai?

Rewaya Idi-Araba: To saurara Alhaji. Abu na farko kaurin kebul. Kik, wato abin da ke tayar da inji, yana jan wuta mai yawa, a inji mai silinda 6 irin naka ka ƙaddara amfiya 150 zuwa 200 yana juyawa, farkon bugawa ma ya fi haka. Yanzu wayar da ke tsakanin batiri da kik gajeriya ce, don gefe ɗaya suke. In ka koma baya za ta kai mita 4. Ni ba na sa ƙasa da mai lamba 35, wato mai kaurin murabba'in milimita 35, in mai mota yana da hali 50 nake so. Na sha karɓar motocin da aka yi wa aikin da wayar 16, mai ita yana ta sauya batiri yana zagin masu sayarwa. Da safe ta tashi, in inji ya yi zafi ka kashe a gidan mai sai ta riƙa gurnani kamar batiri ya mutu, alhali wutar a hanya take zubewa.

Na biyu, kuma wannan shi ne wanda ba na sasantawa a kansa: fis a jikin batiri. Ba a gaba ba, ba a tsakiya ba, a nan kusa da kan fozitif, tazarar da ba ta wuce tafin hannu ba. Mai amfiya 200 ko 250, irin manyan nan masu noti biyu. Dalili shi ne kebul ɗin nan kullum da wuta a cikinsa, ko an zare makulli. Ranar da ƙarfe ya yanke rigarsa ya taɓa bodi, batiri zai tura ɗaruruwan amfiya, wayar ta yi ja, kafet ya kama. Ba ka da abin kashewa. Fis ɗin ne kaɗai zai tsaya maka.

Na uku hanya. Duk inda kebul zai ratsa ƙarfe a sa roba a bakin ramin. A ɗaure shi kowane ɗan taƙi don kada ya riƙa goga. Kada ya bi kusa da salansa, kada a haɗa shi ɗauri ɗaya da bututun mai ko na birki. Ni ta cikin mota nake bi da shi, gefen dokin ƙofa ƙarƙashin kafet. Masu bi ta ƙasa ban san ko sun manta da damina ba ne. Mota mai ƙasa-ƙasa irin wannan, ga ruwan Yuni da Yuli, ga tudun rage gudu a kowace unguwa.

Injiniya Apapa: In ƙara wa maganarsa lamba. Jan ƙarfe mai faɗin murabba'in milimita 35, mita 4, a amfiya 200, yana cin kusan volt 0.4. Mai 50 yana cin kusan 0.3. Mai 25 ya kusa 0.6, mai 16 kuwa ya kusa 0.9. Batiri lokacin bugawa dama yakan sauka wajen 10, ka cire 0.9, ka cire abin da kawuna da at, wato wayar negetif da ake ɗaurewa a bodi, za su ci, ka ga abin da ya rage wa kik da koyil. Kuma wannan lissafin na jan ƙarfe zalla ne. Akwai kebul a kasuwa da alminiyam ne aka yi masa rigar jan ƙarfe, yana ɗaukar wajen kashi 60 zuwa 65 cikin 100 na abin da na gaske ke ɗauka, kuma a iskar gishirin Legas kawunansa suna yin fari su rududduge.

Maman Sadiq (Alaba): Gane shi ba wuya. Ka kankare silin waya ɗaya da wuƙa, in ciki ya fito fari ka ajiye musu kayansu. Ko ka ɗaga ka ji, na gaske yana da nauyi a hannu.

Ɗan Ladipo: Shi ya sa na ce na BMW. Kun zagaya kun dawo shagona.

Rewaya Idi-Araba: Na BMW yana da kyau in tsohon ƙira ne kuma rigarsa ba ta tsage wajen cirewa ba. Amma a kula, na baya-bayan nan kansu yana da wata 'yar na'ura da ke tsinke wutar in an yi karo, tana aiki ne da kwamfutar jakar iska. A Datsun ba abin da zai ba ta umarni, ado ce kawai. Kada a ganta a ce an samu fis.

Alhaji Mai Marsandi: Kuna ta lissafin waya, ba wanda ya yi maganar abin da zai faru in aka yi karo. Mu da muka hau Ijapa, wato Volkswagen Beetle, wadda aka riƙa haɗawa a nan Ojo tun 1975, mun san batiri a cikin ɗaki. Ƙarƙashin kujerar baya yake, in murfin kansa ya ɓace, mai jiki ya zauna, ƙarfen kujera ya taɓa kawunan, sai hayaƙi. Wancan ma a rami yake. Wannan fa, a bayan ƙeyarka.

Injiniya Apapa: Baba ya faɗi gaskiya. A karo mai ƙarfi abu yakan yi nauyin kansa sau 20 ko 30. Batiri mai kilo 16 ya zama kusan rabin tan yana neman hanyar gaba. Akwatin roba da igiyar da ake sayar da shi da ita ba za su riƙe wannan ba. Sai ƙarfe ta sama, dogayen noti biyu masu kauri da suka ratsa ƙasan motar, da faranti a ƙarƙashi don kada notin ya yage bodin ya fito.

Fanel Bita Mile 12: Kuma kafin a ɗora dirili a leƙa ƙasa. Tankin mai yana ƙarƙashin bayan nan ne. Sannan tsofaffin tiyoyin tanki na 240Z suna bi ta cikin bangon baya, shi ya sa yawancinsu in ka shiga za ka ji warin fetur. Alhaji, taka tana yi?

Baban Ilham (Agege): Tana yi kaɗan, musamman in na cika tanki.

Fanel Bita Mile 12: To ka ji. Warin fetur a wuri, ka kawo kan batiri mai tartsatsi ka ajiye. Kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Rewaya Idi-Araba: Saura maganar at, tunda an zo nan a ƙarasa. Masu sauri sukan ɗaure negetif a kowane noti da suka gani a baya, su ce bodi zai kai wutar gaba. A sabuwar mota haka ne. Mota mai shekara sama da 50, wadda fala-falan ƙarfenta ɗigon walda ne ya haɗa su kuma tsatsa ta shiga tsakani, ba ka da tabbas. Ni nakan kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli, in ɗaure gajeren kebul mai kauri ɗaya da na fozitif, in shafa girisi. A gaba kuma in sa sabon at daga inji zuwa bodi. Wannan na gaban shi ake mantawa, domin a da negetif ɗin batiri yana kusa da inji. In babu shi, wutar kik za ta nemi hanya da kanta, ta bi wayar cok ko wata siririyar waya ta narkar da ita. In bodin bai gamsar da ni ba, kebul na biyu nake ja tun daga batiri har jikin inji, kuɗi ya ninka amma hankali ya kwanta.

Injiniya Apapa: A nan ni da Malam mun ɗan saba. Da a ja kebul biyu, na fi son a sa solanoyid, wato makunnin da ke ba kik wuta, irin na tsofaffin Ford a baya kusa da batiri. Babban kebul ba zai ɗauki wuta ba sai lokacin da aka murɗa makulli. Caji da sauran kayan wuta a ja musu waya daban, mai 10 ko 16, da nata fis ɗin.

Rewaya Idi-Araba: Yana aiki, ban musa ba. Amma ka ƙara wayoyi, ka ƙara mahaɗai, kuma 240Z tana da agogon amfiya a dashbod wanda cajin ke ratsawa ta cikinsa. In wanda bai gane tsarin ba ya taɓa, agogon zai riƙa ƙarya ko wayarsa ta yi zafi. Ranar da motar ta tsaya wa Alhaji a Ikorodu, yaron da zai zo taimako zai buɗe bonet ya ga ba batiri, ya fara yanke-yanke. Ni abin da kowane rewaya zai gane da kallo ɗaya nake so. Kuma ko wanne aka yi, a bar kan fozitif mai murfi a ɗakin inji saboda ranar jona waya da wata mota.

Injiniya Apapa: Wannan hujjar mutane ce, ba ta lantarki ba.

Rewaya Idi-Araba: Mutanen ne za su gyara ta ai, Injiniya.

Maman Sadiq (Alaba): Ni dai in nauyi da ɗigar ruwa ne matsalar, akwai hanya mai sauƙi. A gyara mazaunin, a sa ƙaramin AGM a wurin. Ba ɗiga, tsatsar ba za ta dawo ta wannan hanyar ba, an rage 'yan kilo, ba a huda komai ba. Kuma ba don ina sayarwa na faɗa ba, ko baya ya koma AGM ɗin dai zai saya.

Alhaji Mai Marsandi: Allah Ya yi miki albarka Hajiya. Abin da nake ta faɗa ke nan.

Ɗan Ladipo: Baba ba haka ka ce ba, kai dala 310,000 ka kawo mana.

Baban Ilham (Agege): Jama'a na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. An ɗaga kafet yanzu, yaron ya turo min hoto, ga shi nan na sa. Ƙasan ɓangaren fasinja ma ya huje wuri biyu, ƙarfen ƙasa kuma sukudireba ta shige shi. Don haka walda ce farko, sai tiyoyin tanki, sai a auna caji. Batirin zai zauna a gaba a yanzu. Amma zan ce a yi mazaunin da noti maimakon a like shi da walda, ko nan gaba in na sa mata manyan kafireto wurin ya yi min kaɗan.

Injiniya Apapa: Kafireto a hagu suke Alhaji, ba za su taɓa neman wurin batiri ba.

Fanel Bita Mile 12: Ku bar shi da notinsa, ya fi sauƙin fenti a ƙasa ma. Alhaji, hoton nan na biyu bai fito ba, a haska fitila daga ƙarƙashi a sake ɗauka, ina son ganin inda ƙarfen ya haɗu da bango. Kuma kada a tuƙo ta zuwa wurina a haka, a ɗoro ta a mota.